Haddar Autan Lantana

Duk wanda ya taɓa shan miyar kuka a Gubuchi, da wuya a ce bai ɗanɗani daddawar Lantana ba. Tun tana amarya take dafa kalwa, har mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya da gonar rake a hannun wansa, Maiwada. Mace ce mai kafiya, Allah ya sani. Boko ko baƙi ɗaya ba ta sani ba, amma a gidan alaramma ta tashi, don haka ta san kamannin mai karatu: ya sami inuwa ya duƙufa, yana rangaji, leɓe na motsi, a kira shi bai ji ba.

Shekarar da autanta Ja'afar ya shiga ajin ƙarshe na sakandare, Maiwada ya ce bokon ya isa haka, gona na neman hannu. Lantana ta ce atafau. Aka yi ta ja, har aka tsaya a kan magana guda: a ɗauke wa yaro noma bana. In ya ci jarrabawa ya wuce gaba, in ya faɗi shi da makaranta har abada. Rabonsa na aikin gona kuwa, ita ta ɗauki fartanya da furfurarta ta shiga.

Ana cikin haka yayansa mai acaba a Kaduna ya aiko masa da waya, wai akwai tsofaffin tambayoyin jarrabawa a ciki.

Zo ka ga murna wurin Lantana! Yaro ya tare a gindin mangwaron bayan gida, kai a sunkuye, yana rangaji, baki na motsi. Ba da jimawa ba abokansa suka riƙa zuwa suna jeruwa, kowa da tasa wayar. Ta ce ai tsangaya ce Allah ya kafa mata a gida, har kunun tsamiya take aika musu. Wanda duk ya ce zai aiki Ja'afar, ranar sai ya ji babu daɗi.

Sai dai abubuwa sun fara canzawa. Idon yaron ya kaɗa ya yi ja. Tuwo ya huce a gabansa, kaji su yi ta tsattsaga bai kore su ba. A kira salla, a idar, yana zaune. Ran nan tana shara ta jawo jakar littattafansa daga ƙarƙashin gado, ta tarar gara ta cinye rabi. Amma ta ce wa kanta ai karatun ya koma waya.

Malam Safiyanu, malamin ajinsu, ya zo har ƙofar gida ya ce rabonsa da ganin Ja'afar a aji tun farkon damina.

"Haba Malam! Yaron da ko ɗaga kai ba ya yi?"

"Inna, kin taɓa leƙa abin da ke cikin wayar nan?"

"In na leƙa me zan gane?"

Ta sallame shi a fusace, amma maganar ta tsaya mata a ƙirji, ta hana ta sakat.

Ana jibi jarrabawa ta yanke shawarar yin abin da ta ga ana yi a gidan ubanta: mai hadda, a gaban manya yake biyawa. Bayan la'asar ta shimfiɗa tabarma, ta aika a kira Maiwada don ya ji da kunnensa ya daina mita. Da ƙyar Ja'afar ya taso, wayar na hannunsa.

"Auta, biya wa Baffanka abin da ka haddace."

Ya zauna ya ci gaba da latsa wayar. Ta sake cewa:

"Ko da Turanci ne, biya. Mu dai mu ji."

Bai ɗago ba. Manyan yatsunsa biyu sai rawa suke a kan gilashi. Maiwada ya miƙa wuya ya leƙa, sannan ya juyo ya dubi Lantana, duban tausayi, wanda ya fi mata zagi ciwo. Ita ma ta matsa ta leƙa. Babu rubutu ko layi ɗaya. Wasu 'yan mutane ne riƙe da bindigogi suna guje-guje a cikin kango.

Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta ji ba tun ranar da aka fita da gawar mijinta. Ta dafa kafaɗarsa.

"Ja'afaru, don girman Allah, ko jimla ɗaya."

Ya ture hannunta, idonsa na kan wayar.

"Inna, ki bari mana. Za ki sa a kashe ni."