Janaretan Shamshad Bibi

Shamshad Bibi mai dafa abincin biki ce a birnin Multan, mijinta Liyakat kuwa a masaƙa ya yi aiki har ƙurar auduga ta cinye masa huhu. Tun da aka sallamo shi daga asibiti, da na'urar iska mai aiki da lantarki yake numfashi, ga shi ana ɗauke wuta ba sallama. Ran da ta ga leɓɓansa sun yi baƙi tana ta yi masa fifita, ta bar shi a hannun maƙwabciya ta nufi kasuwar injuna.

Mai shago ya nuna mata wani ƙaton janareta. "Inna, wannan har maƙwabta zai haska."

"Maƙwabta na da huhunsu, ɗana. Wanne ke shan fetur, ya kuma sha gas? Ba ni da mai bi mini layin gidan mai, amma ba na rasa tukunyar gas."

Ya jawo mata mai shan biyun. Ta ja igiyar tayar da shi, bai tashi ba. Ta sake ja, kafaɗarta ta amsa.

Ya ce, "Ki turo maigidan mana."

"Shi ne a kwance."

Sai ya durƙusa ya nuna mata inda za ta taka injin da ƙafa kafin ta ja. Tana ja tana hawaye har injin ya kama. Ta biya, ta kai shi gida.

Liyakat ya ƙara shekara biyu a duniya, kuma har ya rasu ba ta sake yin nisa da gida ba.