Ƙusa ta Bakwai a Ƙahon Yayana

Bayan rasuwar yayana, Allah Ya yi masa rahama, ƙahon da yake zuba albarushi ya faɗa cikin rabon ɗiyarsa da ke aure a Rabah. Katakon da ya toshe gindinsa ya yi sako-sako, ƙusoshin tagulla da ke riƙe da shi sun zube. Ta danƙa mini shi amana in kai gyara, domin shi kaɗai ta riƙe daga kayan farautar mahaifinta.

Na taso daga Wurno na kai shi wurin wani tsohon maƙeri a Goronyo. Na shekara da yawa kan littafi, amma ban taɓa tambayar yadda ake yin ƙusa ba, saboda haka na nemi izinin zama in kalla. Ya fara wanke cikin ƙahon, ya ce ba ya karɓar shaidar kowa cewa albarushi ya ƙare. Sannan ya yanka wayar tagulla gutsi-gutsi, ya riƙa zura kowace cikin ramin wani ƙarfe yana bubbuga kanta har ya kumbura kamar ƙwayar gujiya. Na tambayi dalilin barin baƙin ƙarfe. Ya ce yana tsatsa, kuma yana iya tartsatsi, tagulla kuwa ba ta yi. Na tambayi dalilin gajartarsu. Ya ce katako ake so ta kama, kada ta leƙa ciki.

Tsoffin huji shida ne. Ni kuwa na saba da son witiri a kowane abu, har dabinon buɗa baki. Sai na roƙe shi ya ƙara ɗaya, su zama witiri.

"Malam, mi za a yi da ta bakwai?" in ji shi. "Ƙahon ga ya bushe. Ba salla muke yi ba."

Na yi dariya, amma na nace, har da jawo masa dalilai. Ya ji kunyar furfurata. Ya shafa man gyaɗa, ya ɗumama tsinke, ya huda a hankali. Ƙusar ta shiga rabi, sai muka ji wani ɗan ƙara. Tsaga ta fito, siririya, tsawon gaɓar yatsa. Ya cike ta da ƙaro.

A mota na yi ta juya ƙahon. Gyaran ya ɓoyu ƙwarai, da wuya ɗiyar yayana ta lura. Duk da haka, da na isa Rabah na ɗora yatsanta a kan wurin, na gaya mata cewa maƙerin ya hana, ni ne na tilasta.

Ta daɗe tana shafa tsagar. Daga bisani ta ce, "Baffa, da kun tambaye ni."

Na ce gaskiyarta, na nemi ta yafe. Ta yafe, ta kawo mini fura. Amma bara da bindigar mijinta ta buƙaci gyara, ƙanen mijin ne ta aika.