Haƙoran Baba Direba

Autarmu tun tana ƙarama ba ta iya zama hannunta shiru. Ita ke kwance rediyon Baba ta mayar, ita ke zura wa Inna zare a allura. Da ta samu gurbin karatun likitan haƙori muka ce to, an dai samar wa yatsun nan aikin yi. Ni ce babbar yayarta, kuma ɗaki ɗaya muka kwana duk tsawon kullen annoba, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba.

A shekararta ta ƙarshe aka ba ta majinyaci nata na kanta, wani tsohon direban babbar mota da take kira Baba Direba. Haƙoransa sun gama lalacewa. Malaminta na tsaye a kanta ta cire ragowar, ta ɗauki awon dasashinsa, ta haɗa masa na roba. Saura kawai ya zo a saka masa, sai aka rufe gari. Haƙoran na cikin durowarta a asibitin makaranta, an garƙame ƙofa, shi kuma yana gida da baki fayau.

Da farko kullum cikin waya suke. Yakan ce mata ya gaji da abinci mai ruwa-ruwa, ranar da aka saka masa haƙoran da soyayyiyar gyaɗa zai fara. Ita kuma ta ce ya ƙara haƙuri, an kusa buɗewa. Ba a buɗe ba.

Darasi ya koma ta waya. Don kada hannunta ya mutu ta shiga sassaƙa haƙora da sabulu, yadda aka koya musu a ajin farko: na gaba, fiƙa, na tauna, ta jera su a bakin taga. Babanmu ya ce shi kaɗai ne a duniya ke wanka da haƙori. Muka yi dariya, ita ba ta yi ba. Daga baya sassaƙar ma ta tsaya. Sai ta kunna darasi ta kifa wayar a ƙirji, malami na ta zuba, ita tana kallon silin. Ba kuka, ba faɗa, ba ƙorafi. In an ba ta abinci ta ci, in an manta ba ta tambaya. In Baba Direba ya kira, ta zuba wa wayar ido har ta katse.

Ni mai saurin hawa ce. Na ce mata lalaci ne, na ce bawan Allah na jiranta. Ta ce ta sani. Yadda ta faɗe shi, kamar an tambaye ta ƙarfe nawa, shi ya tsorata ni.

Da aka buɗe, ni na kira tsohon da wayarta, ni na raka ta asibitin. Ya zo da takunkumi a fuska, rigarsa ta yi masa yawa. Ta wanke haƙoran ta saka masa. Yana buɗe baki zai yi godiya na saman ya faɗo. Malamin ya duba, ya ce dasashi ya motse a watannin nan, sai an sake awo tun daga farko.

Tsohon bai tambayi dalilin rashin ɗaga wayarsa ba. Ya laluba aljihu ya fito da ƙullin gyaɗa a leda, ya ɗora mata a tafin hannu.

"Ki yi haƙuri, 'yata, bakin ne ya ƙi jira. Ki ci wannan a madadina."

Ta kwaɓa abin awo, ta ɗauki sabo, ta ba shi ranar dawowa, komai tsaf. Malamin har yaba mata ya yi.

A gida ta ajiye ƙullin a bakin taga, kusa da haƙoran sabulun da suka bushe suka tsattsage. Ta zauna a bakin gado da rigar asibitin a jikinta.

"Yaya, ya kamata in yi kuka, ko?"

Na ce haka ne. Na zauna kusa da ita muna jira. Ni ce na yi kukan, ita tana kallona kamar mai kallon ruwan sama ta taga. Da na share fuska ta ce akwai likitan da ɗalibai ke zuwa wurinsa a yi magana in damuwa ta yi musu yawa, ofishinsa na bayan ɗakin karatu. Ta ce in raka ta gobe, don in ita kaɗai ce, ta san za ta wuce ƙofar.