Tafiyar Wajh da Aka Yi Ba da Ni Ba

A unguwar Harra ta Gabas a Madina aka haife ni, cikin gidajen nan na baƙin dutse, kuma ruwa mafi yawa da na gani ina ƙarami shi ne na tafkunan ban-ruwa a gonakin dabinon Ƙuba. Kakana da ƙafa ya zo daga ƙasar Katsina, ya yi Hajji ya zauna. Babu masunci ko ɗaya a zuriyarmu. Shi ya sa ranar da na dawo daga Yanbu'u da tulun iska biyu a bayan mota, mahaifiyata ta daɗe tana kallonsu kafin ta ce, "Na girki ne?"

Na ce, "A'a Inna, na shiga ƙarƙashin teku ne."

Ta ce, "Allah ya shirye ka," ta koma ɗaki.

Walda ce ta kai ni Yanbu'u a ƙarshen shekarun saba'in, lokacin da ake ta gine-gine a bakin teku, kuma a wurin ma'aikatan can na koyi nutso. Da aikin ya ƙare sai na dawo Madina na shiga wata warsha, wato shagon makanikai, ina gyaran injinan ruwa, amma zuciyata ta zauna a can, cikin duwatsun murjani.

A lokacin ina da amini, Bahaushen Sudan, haifaffen Bur Sudan, yana gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a wani shago a Khalidiyya. Ya iya iyo tun yana yaro, amma ni na koya masa numfashi da tulu. A kwano ɗaya muke cin abinci. Inna "ɗana" take ce masa, idan ta yi tuwo ba ya nan sai ta ajiye masa nasa.

Mu biyu muka ƙudura yin doguwar tafiya, kwana arba'in, babu abin da za mu yi sai nutso. Ƙarfinmu kaɗan ne, don haka zaɓen wurin ya fi komai wuya. Kowace Juma'a bayan la'asar mukan je gonar wani dattijo a Ƙuba da nake gyara wa inji, mu shimfiɗa taswira a kan tabarma, mu danne kusurwoyinta da kofunan shayi. Masar muka fara jefarwa, saboda jirgi da masauki za su cinye mu tun ba mu jiƙa ƙafa ba. Kudancin Jidda ya yi nisa ga tsohuwar motata. Ni dai idona na kan arewa, Umluj zuwa Wajh: mu tuƙa kanmu, mu kafa tanti, mu ci kifin da muka kama da shinkafa.

Ba da ka nake maganar ba. Ina da daftari mai baƙin bango da na shekara biyu ina cikawa. Duk tsohon masuncin da na samu a Yanbu'u sai na zauna da shi, ya faɗa mini inda murjani yake kusa da gaɓa, inda igiyar ruwa ke jan mutum, inda akwai rijiya mai daɗin sha, da mai kwalekwalen da zai ɗauke ka kyauta idan ka gyara masa inji. Na zana tsibirai da hannuna. Ban taɓa nuna wa kowa shi ba sai aminina.

Da farko ya yarda. Har mun tsayar da wata, na nemi ijaza a wurin mai warsha ya ba ni hutun. Sai wata Juma'a ya zo da sabuwar magana.

"Ya akhi, ɗan'uwana, me ya sa ba za mu je Bur Sudan ba? Kawuna yana da kwalekwale. Gida kyauta, abinci kyauta. Ruwanmu ya fi na Wajh, wallahi."

Na ce, "To daftarina fa? Shekara biyu."

Ya ce, "Wajh ba za ta gudu ba. Sai dai kawu ya ce ana gyaran kwalekwalen, sai bayan Hajji. Ka ɗaga ijazarka wata uku kawai."

Mako uku muna ja-in-ja. Abin da ya karya ni shi ne da ya ce shekara biyar rabonsa da mahaifiyarsa, kuma yana so ta ga mutumin da ya riƙe shi a Madina. Na ji kunyar ci gaba da musu. Na koma wurin mai warsha, ya yi ta mita, ya ɗaga mini hutun, ya ba wani ma'aikaci watan da na bari.

Bayan kwana kaɗan aminina ya zo gida ya ce in ba shi aron daftarin, yana so ya ga yadda na tsara shi don ya rubuta wa kawunsa irin tambayoyin. Ya kuma ce ƙaramin injina na cika tulu yana wata ƙara, bari ya kai shago ya duba. Ni da kaina na taya shi ɗora shi a mota. Inna ta ba shi dabino a leda.

Kwana goma ban gan shi ba. Ban damu ba, domin zafi ya shigo, lokacin aikinsu ne. Ranar Asabar da hantsi na biya Khalidiyya. Mai shagon, wani mutumin Chadi mai fara'a, ya tare ni da mamaki.

"Kai ba ka tafi ba? Na ɗauka tare kuke."

"Tafiya ina?"

"Wajh mana. Shi da injiniyoyin nan Turawa na Yanbu'u da yake gyara wa mukayyif. Tun wata biyu yake shirin nan. Ya ce yana da littafin da ya san kowane lungu na tekun."

Na tsaya riƙe da ƙofar shagon. Na tuna na ce wa mai shagon "mabruk", ban san abin da nake taya murna ba. Na shiga mota na zauna, sitiyari na ƙona mini tafin hannu, na fara lissafin kwanaki. Wata biyu. Ke nan ranar da yake ba ni labarin mahaifiyarsa a ƙarƙashin dabino, ya riga ya gama magana da su. Ba rashin tafiyar ce ta fi ci mini rai ba. Da ya ce mini, "Ɗan'uwa, ga dama ta samu, kujera ɗaya ce," wallahi da na ba shi daftarin, ko da raina bai so ba.

Ya dawo bayan kwana talatin da wani abu, ya yi baƙi wuluk, fatar hancinsa na saɓulewa. Da la'asar ya yi sallama a ƙofar gidanmu, ɗauke da injin da busasshen kifi. Ban ce ya shigo ba. Muka tsaya a inuwar katanga. Ya miƙo daftarin. Ruwa ya kumbura shafukansa, kuma a gefen zanena an yi ta rubutu da jan biro cikin wani harshe da ban iya karantawa ba.

Na ce, "Kawunka yana da kwalekwale kuwa?"

Ya sunkuyar da kai. "Ya sayar tun bara waccan."

"Me ya sa ba ka faɗa mini gaskiya ba?"

"Da na faɗa, kai za su ɗauka. Kai ka fi ni sanin wurin, kai ka fi ni nutso." Ya ɗago ya dube ni. "Kai ɗan ƙasa ne, ya akhi. Ko warsha ta kore ka yau, nan ne gidanku. Ni iƙama ce da ni, takardar zaman baƙo. Sun yi alkawarin mayar da kafalata kamfaninsu, su tsaya mini a kan takardar. Me kake so in yi?"

Na san ba ƙarya yake ba. Na sha ganin yadda yake rasa barci idan takardar zamansa ta kusa ƙarewa. Amma jin dalilinsa bai rage mini komai ba. Na tambaye shi abu ɗaya kawai, ko tsibirin da na zana a shafin ƙarshe yana nan yadda tsohon masuncin ya faɗa.

Fuskarsa ta yi haske kafin ya kama kansa. "Ya fi haka," in ji shi.

Na ce, "Khalas, magana ta ƙare. Ka tafi da kifinka."

Da ijazata ta zo bayan Hajji, babu inda na je. Ba a nutso mutum ɗaya, kuma ban da zuciyar koya wa wani daga farko. Na yi kwana arba'in ina gyaran rufin gidanmu da sauya bututun ruwa na maƙwabta. Inna ta tambaye ni sau biyu ina ɗanta ya shiga, na ce aiki ya mayar da shi Yanbu'u. Hakan ne ma, domin Turawan sun cika alkawari.

Sai bayan shekara uku na ga Wajh, tare da wasu malaman makaranta biyu, na kwana tara kacal. Ruwan yana da kyau ƙwarai. Masuntan wurin suka karɓe mu da shayi, ɗaya daga cikinsu ya ce ya taɓa ganin wani baƙin mutum mai irin harshena, gwani, wanda ya san tekunsu kamar a nan aka haife shi. Ya tambaye ni ko na san shi. Na ce na san shi, sannan na roƙe shi ya nuna mana inda za mu kafa tanti.