Lamba ta Bakwai

Shanun huɗa biyu gare mu a Rawayau, gidaje kuma bakwai duk jini ɗaya. Da an yi ruwan shuka sai a jefa ƙuri'a da guntayen kara, a san gonar wa za a fara. Kowace shekara sai an yi ƙorafin an leƙa hannun mai riƙe da karan.

A shekarar da na fara koyon rubuta manhaja a Dutsin-Ma, kaina ya kumbura. Na ce a bar mini, kwamfuta ba ta da ɗan uwa.

Na ba kowane gida lamba, daga ɗaya zuwa bakwai. Umarnin kwamfutar da ke zaɓo lamba kamar ƙuri'a, lambobi biyu yake so, inda zai fara da inda zai tsaya. Ni kuwa bakwai kaɗai na ba shi, ya watso mini jan rubutu na alamar kuskure. Na ƙara ɗaya amma na juya su, ya sake ƙi. Ina ta zufa a gindin darbejiya, dattawa suna kallona. Da na sa ɗaya sannan bakwai, sai ya yi shiru ya karɓa. Na riƙa dannawa, lambobi suna fita, wadda ta maimaitu mu tsallake. Gida shida suka samu layi. Baffa, ƙanen mahaifina, shi ne na bakwai, sai aka ce ai ragowar tasa ce.

“Haka Allah ya so,” in ji shi, ya kaɗe rigarsa.

Bayan kwana biyu, a ɗakina na Dutsin-Ma, na buɗe abin don in nuna wa kaina gwaninta. Na danna, na danna, har yatsa ya gaji. Bakwai ba ta fito ba ko sau ɗaya. Na duba bayanin umarnin. Ashe ba ya taɓa lambar ƙarshe, kafin ita yake tsayawa. Takwas ya kamata in rubuta.

Gyaran bai ci minti ɗaya ba, amma na kasa zama. In fita bakin titi, in dawo, in ɗauki waya, in ajiye. Raina yana cewa yi shiru, wa zai sani? Kunya kuwa ta hana ni cin abinci. Sai a rana ta uku na hau babur.

Na tarar da Baffa a gona shi kaɗai da garmar hannu. Ƙasa ta fara bushewa, shanu suna gona ta biyar.

Na durƙusa na faɗa masa komai. Ya dakata da huɗa, ya dube ni.

“Wato ko an kwana ana dannawa ba ni fitowa?”

“Ba ka fitowa, Baffa.”

“Ni ko kwana biyar ina ba zuciyata haƙuri, ina cewa rabo ne.” Ya miƙo mini garmar. “Ashe kai ne. Kama daga nan.”