Abinci Daga Gidan Sakatare

Yaya sunana yake fita a bakin mijina? Na sha tambayar kaina har na gaji, kuma wanda zai ba ni amsar yana kwance a maƙabarta. Jikata ce take rubuta muku wannan a wayarta, don ni ban yi lakwal ba, wato makarantar boko. Na ce mata in kuka ya zo mini ta jira ni, kada ta rubuta kukan.

Shekarun baya, muna zaune a unguwar Chagoua, ina da yaro ɗaya a ƙasa ɗaya a baya, samarin unguwarmu suka kafa ƙungiya. Su yashe lambatu kafin damina, su cika buhuna da yashi in ruwa ya taso, su haƙa kabari in an yi rasuwa, ranar Lahadi kuma su buga ƙwallo su dawo da targaɗe. Mijina gwanjo yake sayarwa a kasuwar Dembé. Yana cikin ƙanana a ƙungiyar, amma rubutunsa ya fi na kowa kyau, sai suka ba shi sakatare.

Kowace shekara sai ya sayo sabon kaye, wato littafin rubutu irin na 'yan lakwal. Duk aikin da aka yi, bayan la'asar zai zauna a gindin darbejiyar ƙofar gida ya rubuta: wane ya zo, wane ya kawo shebur, wane ya ji ciwo. Ƙarshen shekara sai a shimfiɗa tabarmi, a gayyato dattawa, ya miƙe ya karanta abin da suke kira bilan, wato rahoton ayyukan shekara. Ya karanta da Faransanci, ya fassara da Hausa. Wanda duk aka kira sunansa sai a tafa masa.

Mu mata ba 'yan ƙungiya ba ne, amma mu ke ciyar da ita. Kuma tunda a ƙofar gidanmu ake haɗuwa, tukunyata ce ba ta sauka daga murhu. Tuwo, miyar kuɓewa, shayi, duk ni ce. Ranar da suka je dashen itatuwa a Toukra, da goyo na bi su a bayan mota, na hura wuta a fili, hayaƙi ya sa ni hawaye har yamma.

Maƙwabciyata, wadda katanga ɗaya ce tsakaninmu, ta zo ranar da bokitin karkanji guda, zoɓon nan mai sanyi. Ta zauna a inuwa tana fifita da gefen mayafi.

Ranar bilan muna bayan zana, mu mata. Na ji muryar mijina tas ya kira sunanta, har da na mahaifinta, ya ce ta shayar da ma'aikata. Aka tafa. Ta gyara ɗaurin kallabi. Na kasa kunne ina jiran nawa, sai ya ce, "Abinci kuma daga gidan sakatare aka kawo." Ya juya shafi.

Ta zungure ni da gwiwar hannu. "Kin ji? Gidanku ya iya tuwo. Ki gaishe mini da katangar."

Na yi dariya tare da kowa, amma ranar ko loma ban iya haɗiyewa ba.

Ba wai ban san dalili ba. Mijina gidan dattako ya tashi. Kakanninsa sun fito da niyyar Makka a ƙafa, suka yada zango a nan, suka riƙe kunyarsu fiye da mutanen da suka baro a gida. A wurinsu namiji ba ya kama sunan matarsa ta fari, balle a gaban mahaifinsa. Tun da aka kawo ni "ke" nake, da na haihu na zama "maman yara". Na saba, ban taɓa damuwa ba. Sai da na ji yadda bakin nan nasa yake furta sunan matar wani, a hankali, kamar mai ajiye ƙwai, sannan na san akwai abin da aka hana ni. Matar shugaba a kira ta, matar mai tsaron gida a ƙwallo a kira ta, tunda ba mazansu ke karantawa ba. Duk unguwar ni kaɗai ce ba a kira, don ni na auri mai alƙalamin.

Haka aka yi ta yi shekara bayan shekara. Maƙwabciyata ta gane lagona. In ta hango shi a gindin darbejiya sai ta leƙo ta katanga: "Sakatare, ka sa na ba da aron turmi, kada ka manta!" Shi kuma bawan Allah sai ya rubuta. Ni har na kai in ga kayen nan a kan tabarma in tsallake shi da gangan. Akwai ranar da na ɗora tukunyar shayi a kansa. Tambarin yana nan har yau.

Shekarar da zai miƙa aikin ga na baya, na same shi yana jera takardu. Na ce, "Malam, bana ma gida ne ya dafa?"

Bai ɗago ba. "Kowa ya san ke ce."

"Kowa ya san ita ce mai karkanji, amma ka faɗa."

"Ke, Baba fa zai zauna a gaba."

"To ai shi ke nan. Ka ce wa gidan ya dafa muku na walimar bilan. Ni zan zauna a inuwa in yi fifita, ko na samu shiga kayen."

Ya ajiye alƙalami ya dube ni. Ina jin ranar ya fara gane ba wasa nake ba. Ya daɗe yana murza goshi, sannan ya ce, "Sau ɗaya. Kin ji ko? Sau ɗaya."

Na yi kitso, na yi lalle, na ciro atamfar da nake ɓoyo. Da hantsi aka taru. Surukina yana gaba a kan kujera, sanda tsakanin ƙafafunsa. Mijina ya karanta lambatu, ya karanta ƙwallo, ya kira mai karkanji aka tafa. Sai ya yi gyaran murya, ya sake yi. Ta ramin zana nake leƙensa.

Ya ce, "Saura mutum ɗaya. Tun da aka kafa ƙungiyar nan ba mu taɓa aiki da yunwa ba, kuma ba gida ne yake dafawa ba. Wadda take dafawa ita ce..."

Surukina ya ɗago kai. Abokansa suka fara taɓa juna suna murmushi. Mata duk suka juyo kaina. Wallahi ji na yi kamar an kware mini zane a tsakiyar kasuwa. Ban san lokacin da na toshe kunnuwana da hannu biyu na fita da gudu ba, takalmi ɗaya a ƙafa. Sai da na kai ɗakin girkina na sauke hannu. Tafi kawai na jiyo, da sowa.

Can sai ga maƙwabciyata da ɗaya takalmin. Ta zauna a kan turmi tana haki don dariya. "Ke kam Allah ya shirye ki! Ya faɗa fa. Har da sunan babanki. Muryarsa har wani karyewa ta yi."

"Yaya ya faɗa?"

"Yadda ake faɗa mana."

"A'a, yi mini yadda ya yi."

Ta gwada, sai sunan ya fito da muryarta, irin kiran da take yi mini in tana son aron rariya.

Da mijina ya dawo na kai masa ruwa, na durƙusa. "Malam, ban ji ba."

"Duk Chagoua ta ji."

"Mu biyu ne yanzu. Ka maimaita."

Ya yi dariya har ya ƙware. "Kin sa Baba ya ce mini zamani ya zo, abokaina sun samu abin tsokana har tsufa, ke kuma kin gudu. Sau ɗaya muka yi da ke."

Na ɗauka zan shawo kansa wata rana. Na gwada da shagwaɓa, na gwada da fushi, na gwada ranar sunan autarmu. Sai ya yi murmushi ya ce, "Ke dai."

Kayen suna nan a akwati. Jikata ta buɗe na shekarar ta ɗora yatsana a kan wurin, ta ce, "Kaka, ga ki nan." Na ga zane kamar sawun kaza a ƙasa. Na gode mata, amma ba shi nake nema ba.

Maƙwabciyata tana raye, haƙoranta sun zube, ni nake aika mata kunu. Ina ƙaunarta, ita ta riƙe ni lokacin takaba. Amma in na dube ta sai in tuna akwai abu nawa a cikin kunnenta, wanda ba ta san darajarsa ba, kuma ba ta iya ba ni. A da na yi kishin sunanta da aka kira. Yanzu kishin nawa da ta ji nake yi. Ban sani ba ko mutum yana girma ya bar irin wannan. Ni dai ban bari ba.

Jinyar mijina ba ta yi tsawo ba. Ranar ƙarshe da safe ya ce a fito da shi tsakar gida ya sha iska. Ina ta kai-kawo, in duba kunu, in matse wanki, in kori kaji. Sai na ji ya yi gyaran murya. Na tsaya cak da rigar a hannuna, ruwa yana ɗiga a ƙafata, wannan karon kunnuwana a buɗe.

Ya ce, "Ke. Bar aikin nan haka. Zo ki zauna inda zan gan ki."