Ihun da Mu'azzam Ya Kai Khaibar

Mu'azzam mutum ne da ba ya iya zama wuri ɗaya, ƙafarsa kullum rawa take. Muryarsa ce kaɗai natsattsiya. Kakarsa, Hajiya Tasallah, ta raine shi a kan cewa ba a ɗaga murya a Madina, saboda maƙwabtaka da Manzon Allah. A gidanta ko kuka yaro zai yi, ƙasa-ƙasa yake yinsa.

A otal ɗin da yake aiki kusa da Harami ya goge da Turanci, wajen yi wa alhazai hidima. Da Turancin ya samu wani shughul ta intanet, na ɗora murya a kan katun ɗin Japan. Kabad ɗin kaya yake shiga da makirufo, ya rufu da bargo, yana bin motsin bakin zanen yana haɗa gumi. Da farko muryar dattawa ake ba shi, masu magana a hankali. Kwatsam aka ba shi jarumin labarin, wani matashin mayaƙi da zai kurma ihu ranar da aka kashe wansa.

Ya ɗauki ihun ya tura. Daraktan shirin ya maido, ya ce wannan ihun kamar na mai ba da haƙuri ne, in bai gyara ba kafin ƙarshen mako wani za a ba.

Ya sake shiga kabad, ihu ya ƙi fitowa. Ya gwada cikin mota a Bi'ir Ali, inda ake ɗaura harami, sai ga motocin alhazai suna talbiyya, kunya ta rufe shi. Abinci ma a tsaye yake ci. Ranar hutunsa ya kama hanyar Khaibar, gonar dabinon kawunsa Idrisa.

"Kawu, ara mini ɗakin ajiya, ihu zan yi."

Kawun ya kalle shi sama da ƙasa. "Tun daga Madina ka ɗauko ihu ka kawo mini? Yalla, shiga. Kada dai ka korar mini ma'aikata."

Tsakanin buhunan dabino ya rufe ido ya saki murya. Shi kansa sai da ya firgita, don bai taɓa sanin tana da wannan girman ba. Ya ɗauki wannan ihun ya tura wa daraktan.

Yana zaune a bakin ƙofa da kofin shayi amsa ta zo. Jarumin ya zama nasa, kuma sauran labarin duk yaƙi ne. Ya miƙe zumbur ya kira abokin aikinsa don su yi musayar ranakun hutu ya samu ya zauna a gonar ya ci gaba da ihu, amma murya ta dishe, sai da Kawu Idrisa ya karɓi wayar ya yi masa bayani.